Abin da Mahauci Bai Sani Ba

Shekara talatin da huɗu ina fawa a Kara,
ni Arzika, ɗan Modi mai doguwar wuƙa.
Na riƙe zuciyar sa, ta rago, ta raƙumi,
da ta ɗan akuya wadda ba ta cika tafi ba,
ban taɓa zaton tawa za ta nemi dubawa.

Ran Laraba ina ɗaga cinyar bajimi,
wani nauyi ya hau ƙirjina kamar dutsen niƙa,
ya bi hannun hagu, ya kama muƙamuƙi.
Na ce, Jelani, amshi wuƙar nan, yaro,
yau rumfar ce ke juyawa.

Asibitin koyarwa, gado na bakwai.
Likita Lubabatu ta ɗauko biro da takarda
za ta zana mini ɗakuna huɗu.
Na ce, ɗiyata, aje biron,
wanga gida na sha shigarsa da wuƙa:
biyu a sama masu siririn bango,
biyu a ƙasa, na hagu ya fi kauri,
shi masu tsire ke rububin ɗaukewa.
Na san fararen zaren nan na ciki
masu riƙe ƙyamare kamar tsirkiyar molo,
na san jakar da take kwance a cikinta
da ɗan ruwa mai santsi don zamewa.

Ta yi dariya. To Baba, saura ɗaya.
Ka lura da jijiyoyin da ke bin bayanta
cikin farin kitsen da kake yankewa?
Biyu ne, daga gindin uwar jijiya suka fito,
ta dama, da ta hagu mai rabuwa biyu,
suka naɗe ta kamar gammo.
Duk jinin jikinka ta ɗakunan yake bi,
amma bangon ba ya ƙoshi da mai wucewa.
Lambun albasa ne a bakin Rima,
ga kogi a gabansa, sai an ja masa ruwa.
Kuma ba ta sha sa'ad da ta matse,
sai a ɗan tsakanin nan na sakewa.
Taka ta gaba ce ta cushe.

Na tuna kitsen da nake karya kumallo da shi,
ban ce mata komai ba.

Sai na tambaye ta abin da ya daɗe a raina:
raƙumi a ƙasa, an raba kai da wuya,
zuciyar a hannuna, da ɗuminta,
mi ya sa take ci gaba da harbawa?

Ta ce, akwai ɗan ƙulli a saman ɗakin dama,
bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba,
shi ke ba da kiɗa, ba ya jiran ƙwaƙwalwa.
Abin da ke zuwa daga sama akala ce da bulala.
Akalar ta sauko daga ƙeya, ta bi wuya,
ita ke cewa sannu in ka kwanta.
Bulalar daga gadon baya take fitowa
ran da sa ya tsinke igiya ya yo kanka.
Hannun naka kuwa lafiyarsa lau,
kukansa da na zuciya ƙofa ɗaya suke shiga,
mai gida bai gane wa ke sallama ba.

Yanzu ina zaune a benci, Jelani ke fiɗa.
Kulu ta janye gishiri daga miya,
ƙwaya uku da safe, ɗaya a aljihu
ta ƙarƙashin harshe, saboda tsaro.
Jiya ya miƙo mini zuciyar wani rago,
na bi jijiyar gaba da babban yatsa
tun daga gindi har inda ta nutse a nama.
Ba ta fi tsinken tsire kauri ba.
Mai saye na tsaye da kuɗinsa a hannu,
ya ce, Baba Arzika, lafiya?
Na ce, ɗan dakata, ina dubawa.